Haƙorin roba tun da ƙuruciya: abin da za ka sani kafin a sake cire maka wani

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Landan. Yau kun ga teburin nan cike da haƙora, kada ku tsorata, na gwaji ne. Maganar da za mu yi ita ce wadda matasa ke rufe baki da hannu a kanta: mutum bai kai arba'in ba, ga giɓi biyu ko uku, an fara yi masa zancen haƙorin roba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ruɓewar haƙori saboda zaƙi da lemon kwalba, ciwon dasashi wanda sigari da ciwon suga ke ƙara wa ƙarfi, haɗarin babur ko karo a filin ƙwallo. Akwai kuma waɗanda aka haifa wasu haƙoransu ba su taɓa fitowa ba. Tunda na ambaci haɗari, ku riƙe wannan: idan haƙorin babban mutum ya fice gaba ɗaya, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a goge ta. A mayar da shi gurbinsa idan zai yiwu, in ba haka ba a jefa shi cikin madara, a isa wurin likita cikin awa ɗaya. Haƙora da yawa an yi asararsu ne saboda an naɗe su a takarda sun bushe.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna muku fiye da komai. Ku dubi wannan muƙamuƙin na gwaji, bari in matso da shi. Kun ga wannan tudun da haƙora ke zaune a ciki? Ƙashi ne, kuma saboda haƙori yake raye. Duk lokacin da ka tauna abu, saiwar tana danna shi, jiki ya ci gaba da gina shi. Ranar da aka cire haƙorin, jiki sai ya fara janye ƙashin. A shekarar farko wurin kan iya rasa kusan rabin faɗinsa, mafi yawa a watanni ukun farko, daga nan ya ci gaba da zaizayewa a hankali har ƙarshen rayuwa. Dattijo ɗan saba'in da aka sa wa haƙorin roba, shekara goma ko ashirin zai yi da shi. Kai ɗan talatin, shekara arba'in ko hamsin ke gabanka a kan ƙashin da ke raguwa. Shi ya sa idan wani ya ce maka "a cire sauran duka a huta", kada ka amsa a ranar. Ka nemi wani likitan ya duba. Duk haƙorin da za a iya ceto da ciko ko wankin saiwa (wato a cire jijiyar da ta lalace a cikin saiwar a cike wurin), a cece shi, musamman fiƙoƙi, domin saiwarsu ta fi ta kowane haƙori tsawo, kuma su ne ke riƙe na roba ya zauna daram.

Barin giɓin haka nan ma ba mafita ba ce, ko da a can ciki yake inda ba a gani. Maƙwabtansa za su karkato ciki, na sama ya fara zubowa ƙasa tunda babu abin da ke tare shi, abinci ya riƙa maƙalewa. Bayan 'yan shekaru gurbin ya matse, gyaran ya ƙara tsada.

To, me ake sawa? Ga na farko, wannan mai ruwan hoda. Robar akirilik ce, ita ce mafi araha, kuma ita aka fi yi. Amfaninta shi ne idan wani haƙorin ya sake fita, ana iya ƙara shi a jikinta. Aibinta kuwa, a kan dasashi take zaune, nauyin tauna duk a kansa yake sauka, kuma tana rufe wuyan sauran haƙoran, datti ya taru. Wanda bai da tsabta, wannan robar za ta ci masa haƙoran da suka rage. A ganina ta wucin gadi ce, ba ta zaman shekara goma ba.

Na biyu, ku ga yadda yake sirara. Firam ɗin ƙarfe ne na kobalt da kurom, da 'yan ƙugiyoyi da ke kama haƙora, da ƙananan ƙafafu da ke hawa kansu. Nauyin tauna a kan haƙora yake sauka, ba a kan nama ba, kuma bai rufe ganɗa duka, don haka za ka ji ɗumin shayi da ɗanɗanon miya. Matashin da sauran haƙoransa ke da lafiya, wannan nake fifita masa. Sharaɗinsa kawai, sai an gama maganin dasashi da duk wani kogo kafin a auna, domin gyara shi bayan an ƙera yana da wuya. Akwai kuma mai lanƙwasa na nailan, yana da kyan gani saboda babu ƙarfe, amma yi masa ciko ta ciki idan ya yi sako-sako, ko ƙarin haƙori, aiki ne.

Idan giɓin ɗaya ne, musamman a gaba, ku tambayi likita game da gada. Akwai wadda ake fere haƙoran gefe biyu a rufe su, akwai wadda ake manna ɗan fiffiken ƙarfe a bayan haƙori ɗaya ba tare da an fere shi sosai ba. Ga mai ƙananan shekaru ta biyun ta fi, domin haƙorin da aka fere ba ya komawa yadda yake.

Sai dashe. Wannan 'yar ƙusar titaniyam ce, ana ɗaura ta cikin ƙashi, a jira wata uku zuwa shida ƙashin ya kama ta, sannan a ɗora haƙori. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya fara sa wa mutum irinta a 1965. Ita ce ta fi taimakawa wajen riƙe ƙashi, amma ba a yin ta sai muƙamuƙi ya gama girma, kuma mai shan sigari ko mai sugan da bai daidaita ba, ya fi fuskantar ta ƙi kamawa. Idan an daɗe da cire haƙorin, ƙila sai an fara ƙara ƙashi, wani kuɗin ke nan.

Batun kuɗi a nan Ingila: a ƙarƙashin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, haƙorin roba da gada suna rukunin biya na uku, wanda a Afrilun 2025 kuɗinsa ya kasance fam 326.70, kuma wannan kuɗin ya haɗa da dubawa da cirewa da cikon da ke cikin aikin. Mai ciki, da wadda ta haihu cikin wata goma sha biyu, da 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya. Dashe kuwa NHS ba ta cika yi ba sai da dalili mai ƙarfi, kamar bayan ciwon daji ko mummunan haɗari, a asibitin kuɗi kuma guda ɗaya yakan kai fam dubu biyu ko fiye. Wannan ne ke kai mutane Turkiyya. Ban ce kada a je ba, amma ka tambayi kanka wa zai duba ka idan abin ya kumbura bayan wata takwas, kuma ka karɓo takardar da ke nuna kamfanin ƙusar da lambarta, domin kowane kamfani da irin sukurinsa.

Yadda ake ƙera na roba, zuwa wurin likita sau huɗu ne ko biyar. A ɗauki awon baki da wani abu mai kama da ƙullu, a sake ɗauka da faranti da aka yi daidai bakinka, a auna yadda sama da ƙasa ke haɗuwa, a zaɓi launi, sannan a gwada maka shi yana kan kakin zuma. Wannan ranar gwajin ita ce taka. Ka zo da madubi da wanda ba ya jin kunyar faɗa maka gaskiya. Ka yi murmushi, ka yi magana, ka duba ko sun yi tsawo ko sun yi fari fiye da naka. Farin da ya wuce kima shi ke tona asiri. Idan kana da wushirya a da kuma kana son ta, ka kawo tsohon hotonka, ana iya mayar maka da ita. Bayan an gasa shi ya zama roba, canjin ya yi wuya.

Wanda ba zai iya yawo da giɓi ba, ana iya shirya masa tun kafin cirewa a sa masa a ranar. Sai dai ya sani, dasashi zai motse, bayan wata uku zuwa shida zai yi sako-sako, dole a yi masa ciko ta ciki ko a sake sabo. Ba kuskuren likita ba ne. Bayan cirewar kuma, awa 24 na farko babu kurkure baki, babu sigari, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fice ya bar ƙashi a fili, ciwon da ke tasowa bayan kwana biyu zuwa huɗu. Daga rana ta biyu, rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure a hankali.

Makonnin farko sai haƙuri. Miyau zai yawaita, harshe zai riƙa tuntuɓe a kan "s" da "sh" da "ts". Maganinsa karatu da ƙarfi, minti goma safe da yamma. A fara da kunu, fate, ƙwai, tuwo mai laushi, a yanka nama ƙanana, a tauna ta gefe biyu lokaci ɗaya don kada ya tashi ta gefe guda. Kilishi, rake, aya da gasasshiyar masara, a ɗaga musu ƙafa. Mai cikakken haƙorin roba, ƙarfin cizonsa bai kai rabin na asali ba, kuma na ƙasa ya fi ba da wahala, domin na sama yana manne wa ganɗa, na ƙasa kuwa harshe ne ke ture shi. Ƙusa biyu a muƙamuƙin ƙasa da zai riƙa ɗanewa a kansu suna canza wannan sosai, ga mai hali.

Idan yana gurzar wani wuri, kada ka sa reza ko fayil. Ka koma a rage maka, kuma ka sa shi tun daren jiya ko tun safe kafin ka je, don likita ya ga inda ya yi ja.

Wanki kuwa, ku ga yadda nake yi: a kan kwano mai ruwa, domin in ya suɓuce a kan tayil ya tsage. Buroshi mai laushi da sabulun ruwa, ba man goge baki ba, shi yana kankare robar ya bar ƙananan ramuka da ƙwayoyin cuta ke zama. Ruwan zafi yana lanƙwasa shi, bilic yana cin mai ƙarfe. Da dare a cire a sa a ruwa. Na san ma'aurata sabbin aure wannan ne ke yi musu nauyi, amma kwana da shi kullum yana kawo jan ganɗa na fangas da tsagewar gefen baki. Man mannawa irin Fixodent ko Poligrip, ɗigo uku ko huɗu ya isa. Idan kullum sai ka ƙara yawansa, haƙorin ne ya daina zama, ciko yake so. Yawanci bayan shekara biyar zuwa goma ake sake sabo. Kuma duk gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, ko da ba ya zafi, a kai wa likita ya gani.