Bayan an ce sankarar baki ce: taba, abinci da zaman majalisa

MALAM: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ni da Hajiya da Likita za mu tattauna a kan sankarar baki, wadda da yawa suka fi sani da ciwon dajin baki, kuma abin da muke son dubawa shi ne yadda rayuwar mutum take juyawa daga ranar da aka miƙa masa sakamakon gwaji, musamman idan ya daɗe yana shan taba. Likita, a fara gaya mana inda ciwon yake kamawa.

LIKITA: Wa alaikumus salam. Yana iya fitowa a leɓe, ko a gefen harshe, ko ƙarƙashinsa, ko a dasashi, ko a ganɗa, ko cikin kumatu. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami sababbin masu wannan ciwo kusan 390,000 a duniya, kuma kimanin 188,000 suka rasu, maza sun fi mata yawa a cikinsu. Manyan abubuwan da ke jawo shi su ne taba kowace iri, da barasa, da wani ɗan itace da ake taunawa da ganye a Indiya da maƙwabtanta. Idan mutum ya haɗa taba da barasa, haɗarin ninkuwa yake yi, domin barasa tana sauƙaƙa wa gubar taba ratsa fatar baki.

HAJIYA: Tun da aka ambaci abin taunawa, na san akwai dattijan da gabansu ya faɗi. Shin goro yana cikin lissafin?

LIKITA: Goron da muke ci daban yake da wancan ɗan itacen na Indiya, kuma ba a sa shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ba. Abin da ya fi damuna a wajenmu shi ne taba gari da ake haɗawa da kanwa a ɗura tsakanin leɓe da dasashi, a bar ta tana jiƙa na tsawon lokaci. Kanwar tana sa nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kamu da son taba, ya shiga jini da sauri, tabar kuma tana zaune a wuri ɗaya tana cin fata shekara da shekaru. 'Yan'uwanmu da ke Sudan sun san tumbak, wadda haɗinta kusan haka yake, kuma bincike ya nuna tana cikin tabar da ta fi kowace yawan sinadarai masu jawo sankara; sau da yawa ciwon yakan fito daidai wurin da mutum ya saba ajiye ta. Shisha ma da matasa suka ɗauka ƙawa ce, ruwan da hayaƙin yake bi ta ciki ba ya tace gubar.

MALAM: To, mu zo ranar da aka faɗa wa mutum. Ni a tunanina, duk wanda aka ce masa taba ce ta jawo masa wannan, daga nan ya yi sallama da ita ke nan, ba sai an roƙe shi ba.

LIKITA: Haka kowa yake zato, Malam, kuma gaskiya ne cewa mutane da yawa suna jefar da kwalin a ranar. Tsoro yana da ƙarfi a makon farko. Sai dai ba kowa ke dainawa ba, kuma cikin waɗanda suka daina akwai masu komawa bayan watanni. Misalin da aka fi sani shi ne na Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam na birnin Biyana. An gano masa sankara a ganɗa a 1923, aka yi masa tiyata fiye da sau 30, aka cire wani sashe na muƙamuƙinsa aka sa masa na roba, amma bai rabu da tabarsa ba har ya rasu a Landan a 1939. Likita ne shi kansa, ya san abin da take yi masa.

HAJIYA: Sabo turken wawa, in ji Hausawa, ko da yake a nan turken ya riƙe har mai ilimi.

LIKITA: Saboda nikotin ba ya duba ilimi. Yana sauya yadda ƙwaƙwalwa take neman natsuwa, har ta saba cewa duk lokacin da hankali ya tashi, taba ce mafita. Yanzu ki duba halin da marar lafiya yake ciki: an gaya masa labarin da ya fi kowane tayar masa da hankali a rayuwarsa, kuma a daidai wannan lokacin ne ake ce masa ya bar abu ɗaya da ya saba kwantar da hankalinsa da shi. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a bar shi da ƙarfin zuciyarsa kawai. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko a kan taimaka wa manya su daina taba, inda ta ba da shawarar a haɗa nasihar ma'aikacin lafiya da magani, kamar filastar nikotin da ake mannawa a fata ko ƙwayoyin da likita ke rubutawa. Ga wanda aka yi wa aiki a baki, filastar takan fi cingam ɗin nikotin sauƙi, tun da tauna kanta wahala ce. Ƙaiƙayin rashin taba ya fi tsanani a kwanakin farko, sannan yakan lafa cikin makonni 2 zuwa 4.

MALAM: Akwai wata magana da nake ji a bakin mutane, kuma ban san yadda zan amsa ta ba. Sai mutum ya ce ai aikin gama ya gama, ciwon ya riga ya kama, me barin taba zai ƙara masa yanzu?

LIKITA: Wannan ita ce maganar da ta fi cutar da marasa lafiyarmu, don haka bari in ɗan tsaya a kanta. Hayaƙin taba yana rage iskar da jini ke kai wa tsoka, kuma gashin da ake yi wa sankara, wato ƙona ta da hasken na'ura a asibiti, ya fi aiki a inda iska take isa sosai, saboda haka wanda yake shan taba a lokacin da ake gasa masa ciwon yana rage wa maganin ƙarfi da hannunsa. Ɗinkin tiyata ma yakan yi jinkirin warkewa, gyambon da gashi ke haifarwa a baki yakan fi tsanani. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2014 ya tabbatar da cewa masu sankara da suka ci gaba da shan taba sun fi saurin mutuwa, kuma sun fi fuskantar fitowar wata sabuwar sankarar. Dalilin wannan na ƙarshe shi ne, hayaƙin bai zaɓi wuri ɗaya ya taɓa ba. Tun 1953 wani likita a Amurka mai suna Danely Slaughter ya nuna cewa fatar da ke kewaye da ƙarin ita ma ta riga ta fara lalacewa ko da ido bai gani ba. Kamar gona ce da aka yi shekaru ana yi wa ban ruwa da gurɓataccen ruwa. An tumɓuke shukar da ta fara rubewa, amma sauran kunyoyin duk ruwan nan suka sha. Idan an tsayar da tabar, haɗarin yana fara sauka cikin 'yan shekarun farko, ya ci gaba da sauka.

HAJIYA: Ni kuma ɓangaren da nake so mu taɓa shi ne na cikin gida, domin mace ce yawanci take ɗaukar nauyin jinya, ita ce take tsaye a kan tukunya. Me yake sauyawa a kwanon marar lafiya?

LIKITA: Kusan komai, Hajiya. Gashi yakan ɗauki makonni 6 zuwa 7, kwana 5 a kowane mako, kuma yana taɓa sassan da ke samar da yawu. Baki sai ya bushe, ɗanɗano ya gushe ko ya sauya, har mutum ya ce nama yana masa ɗanɗanon ƙarfe. Yaji da barkono da tsami da abinci mai zafi sosai sukan gagara. Tsire da ƙilishi da ƙanzo sai dai kallo. Abin da yake wucewa shi ne kunun gyaɗa, da koko mai madara, da fura da aka dama da kyau ba yaji, da tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, da ƙwai, da kifi, da alala. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, domin ramewa a tsakiyar magani tana iya sa a dakatar da gashin, dakatarwar kuma riba ce ga ciwon.

HAJIYA: Kuma a nan ne nake roƙon masu jinya su yi haƙuri. Mace ta wuni tana girki, ta kawo, ya ɗanɗana ya ture kwanon, sai ta ɗauka raini ne ko ya daina son girkinta, alhali harshensa ne ba ya jin komai. Da an yi mata bayani tun a asibiti, da ba a kai ga ɓacin rai ba.

LIKITA: Gaskiya ne. Sannan akwai haƙora, waɗanda mutane ba sa kawowa a rai. Yawu ne yake kare haƙori, idan ya ragu sai haƙora su fara rubewa da sauri, kuma cire haƙori bayan gashi yana da haɗari domin ƙashin muƙamuƙi ba ya warkewa kamar da. Shi ya sa ake tura mutum wajen likitan haƙori kafin a fara, a cire waɗanda ba su da rai. Daga nan kuma tsaftar baki ta zama aikin kullum har ƙarshen rayuwa: buroshi mai laushi, man goge baki mai sinadarin kare haƙori, kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, da gorar ruwa a hannu duk inda za shi. Mai son asuwaki ya tausasa bakinsa sosai, ya kuma kauce wa wurin da aka yi aiki.

MALAM: Bushewar bakin nan ta tuna mini da azumi.

LIKITA: Wanda yake tsakiyar gashi bai kamata ya yi azumi ba, kuma addini ya riga ya ba marar lafiya rangwame, bayan an gama, ya zauna da likitansa da malaminsa su duba ƙarfinsa. A ɗaya gefen kuma, Ramadan lokaci ne mai kyau ga sauran mashaya da ke gidan, tun da sun riga sun nuna wa kansu cewa suna iya wuni ba su kunna ba.

MALAM: Kun kawo ni inda nake so. Ni a ganina, wurin da ake faɗuwa shi ne majalisa. A asibiti ba wanda zai miƙa maka sigari, a gida iyali suna sa ido, amma ranar da mutum ya ji sauƙi ya fito bakin titi wajen mai shayi, abokansa na shekara 20 suna zaune kowa da karansa a hannu, mai tebur kuma yana sayarwa kara ɗaya-ɗaya duk da dokar taba ta 2015 ta hana hakan a Najeriya, a nan ne ake gane ko an daina.

LIKITA: Abin da muke gani ke nan. Lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan an gama magani, sa'ad da masu zuwa dubiya suka ɗauke ƙafa, tsoron farko ya lafa, mutum ya koma harkokinsa da baki wanda ba irin na da ba. Wani an yanke masa gefen harshe, haruffa ba sa fita daidai, ɗan kasuwa ne ko malamin makaranta ko ladan, da muryarsa yake neman abinci ko yake da daraja a unguwa. Wani fuskarsa ta sauya, yana jin kunyar cin abinci cikin mutane domin ruwa yana zubowa. Baƙin ciki mai tsanani ya yi yawa a cikin masu sankarar kai da wuya, kuma shi ne yake mayar da mutane da yawa ga taba. Idan iyali suka ga mutum ya daina fita, ya daina magana, barci ya gagare shi, su faɗa wa likita, domin shi ma ciwo ne mai magani.

HAJIYA: Akwai kuma gori, wanda mu mata da 'yan'uwa muke yi ba tare da mun lura ba. A ce masa ai mun sha gaya maka, kai ka jawo wa kanka. Mutumin nan ya fi kowa sanin haka, da shi yake kwana yake tashi. Abin da gorin yake haifarwa shi ne ɓoyo: ya koma sha a bayan gida, likita ya tambaye shi ya ce ya daina. Kuma kada mu manta akwai waɗanda ciwon ya kama ba su taɓa kunna taba ba, su ma sai a riƙa yi musu kallon zargi.

MALAM: Amma ban so mu sa masu sauraro su ɗauka kowa karyewa yake yi. Akwai waɗanda ciwon ya sa suka daidaita al'amuransu, suka biya basussuka, suka shirya da 'yan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana, suka zama su ne masu hana yaran unguwa shisha, kuma yaran suna jin maganarsu fiye da ta kowane likita domin suna ganin tabon da idonsu.

LIKITA: Akwai su da yawa, kuma galibinsu waɗanda aka gano ciwon da wuri ne. A Amurka, idan aka kama shi bai bazu ba, fiye da mutum 8 cikin 10 suna kaiwa shekara 5 a raye, idan kuwa ya yi nisa a jiki, adadin yakan sauko zuwa wajen 4 cikin 10. Matsalarmu a nan ita ce jinkiri, da imanin nan cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura, wanda yake sa a yi watanni ana shafe-shafe da turare har ƙarin ya cika baki. Ɗan naman da ake ɗiba don gwaji ba ya watsa ciwon. Duk gyambon baki da ya wuce mako 2 zuwa 3 bai warke ba, ko farin tabo ko ja da ba ya goguwa, ko kaluluwa a wuya da ba ta sauka, ko haƙori da ya fara girgiɗi ba dalili, a kai shi sashen haƙori da muƙamuƙi na babban asibiti, kamar asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. A Nijar kuma cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashi tun 2021.

HAJIYA: Tambayata ta ƙarshe, Likita. Idan matar gida ta tsinci kwalin sigari a aljihun rigar mijinta bayan an gama magani, me za ta yi?

LIKITA: Kada ta tara masa mutane, kada kuma ta yi shiru. Ta same shi su biyu ta gaya masa ta gani, ta nemi su koma asibiti tare a faɗa wa likita gaskiya. Yawancin masu daina taba sai sun gwada sau da yawa kafin ta zauna musu, don haka komawa sau ɗaya ba ya nufin an rasa. Dama a shekaru 2 na farko ana duba marar lafiya kowane 'yan watanni, domin a lokacin ne ciwon ya fi dawowa, kuma a kowace ziyara ana iya sake ɗora shi a kan maganin daina taba ko a sauya masa wani.

MALAM: Mun gode, Likita, mun gode, Hajiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Masu sauraro, sai mun sake saduwa.