Yadda Aka Raba Zangon Rediyo Tsakanin Wayar Hannu da Masu Kai Ɗauki

Assalamu alaikum, jama'a, barkanku da zuwa. Duk mai sauraron rediyo a Kano ya saba da jin mai gabatarwa yana cewa gajeren zango, matsakaicin zango, ko zangon FM. To wannan zangon shi ne abin maganarmu yau. A kansa wayar aljihunka take tafiya, a kansa oba-oban ɗan sanda yake tafiya, a kansa matuƙin jirgi yake magana da hasumiyar filin jirgin Malam Aminu Kano. Ku ɗauke shi kamar fili: ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, amma mutum biyu ba sa gini a fuloti ɗaya. In na'ura biyu suka yi watsi a kan mita ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, sai su shaƙe juna.

Kuma filin ba darajarsa ɗaya ba. Ga lissafi mai sauƙi: ka raba 300 da adadin megahaz, wato ma'aunin saurin kaɗawar igiyar rediyo, zai ba ka tsawon igiyar a ma'aunin mita. Megahaz 150 tsawonsa mita 2 ne, shi ya sa eriyar motar sintiri take kai kamar rabin mita, wato rubu'in tsawon. Megahaz 900 kuwa santimita 33 ne, eriyarsa kamar santimita 8 ce, sai ta ɓuya a cikin waya. Zangon ƙasa, mai ƙarancin megahaz, yana tafiya nesa, yana ratsa katanga da lungunan cikin Birni. Na sama yana da faɗin ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa, sai an yawaita turaku. Saboda haka tsakanin megahaz 400 zuwa 1,000 ya zama kamar rumfa a bakin titin Kantin Kwari, kowa nan yake so.

Rabon farko ba don ciniki aka yi shi ba, don ceton rai a teku aka yi. A taron Balin na 1906 aka amince da SOS a matsayin kiran neman agaji. Bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic a 1912, inda mai kula da rediyon wani jirgi da ke kusa ya riga ya kwanta barci, Amurka ta yi dokar da ta wajabta lasisi, ta kuma kora masu rediyon sha'awa zuwa igiyar da ba ta kai mita 200 ba. Kilohaz 500 (kilohaz dubu ne megahaz ɗaya) ya zama na kiran gaggawa, har aka sa ƙa'idar kowa ya yi shiru na minti uku sau biyu a kowace sa'a, ko da akwai mai neman ɗauki da muryarsa ba ta da ƙarfi. Taron Washinton na 1927 ne ya fara zana jadawalin da ke cewa wannan yanki na jiragen ruwa ne, wancan na gidajen rediyo. Yau hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ce ke riƙe da jadawalin, ta kasa duniya shiyya uku, Afirka da Turai suna shiyya ta ɗaya. Shi ya sa tsarinmu yake bin na Turai, kuma na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka wani lokaci ba ta dacewa da mu.

A tudu, 'yan sanda ne suka riga kowa. A 1928 na birnin Ditiroyit a Amurka suka fara aika saƙo zuwa motocinsu, amma ji kawai motar take yi, ba ta iya amsawa. A 1933 aka samu mai kai da komo a garin Bayon na jihar Niyu Jazi, sannan a 1940 'yan sandan jihar Konetikat suka koma FM, wanda ƙarar inji ba ta dame shi kamar AM. Wayar mota ta jama'a sai 1946 ta zo. Matsalarta ita ce turke ɗaya mai ƙarfi ne ke rufe gari duka, tasha ɗaya kira ɗaya. Gari guda sai ka tarar tashoshinsa ba su wuce goma sha biyu ba, mutane suna shekaru a jerin jira.

Hanya biyu aka bi aka warware wannan cunkoso. Masu oba-oba suka yi ta matse faɗin tasha: daga kilohaz 120 aka yi ta ragewa har 25, har 12.5, kuma Amurka ta sa 1 ga Janairun 2013 a matsayin wa'adin komawa 12.5. Masu waya kuwa suka yanka gari gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da ƙaramin turke mara ƙarfi sosai, ta yadda mitar da aka yi amfani da ita a Sabon Gari za a sake amfani da ita a Sharaɗa ba tare da sun ji juna ba. Tun 1947 aka yi wannan tunani a ɗakin binciken kamfanin Bell, amma sai 1983 ya fara aiki a Amurka, bayan an karɓe tashoshin talabijin na 70 zuwa 83 an ba waya. Ku riƙe wannan: kusan duk sabon filin da waya ta samu, wani aka tasa.

GSM da muka sani ya fara a Finlan a 1991. Waya tana aikawa a megahaz 890 zuwa 915, turke yana amsawa a 935 zuwa 960, tazarar 45 a tsakani don kada na'ura ta toshe kunnen kanta. Kowace tasha kilohaz 200 ce, an yanka ta gurbi takwas na lokaci. A Najeriya hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, wadda aka kafa a 1992, ta yi gwanjon lasisi a Janairun 2001, kowane ya tashi dala miliyan 285, kuma Econet da MTN suka fara aiki a Agustan shekarar. Wanda yake da megahaz 5 a zangon 900, tasha 25 ke nan, sau takwas gurbi 200, kuma wasu gurabe na sarrafa kira ne. Da wannan za a ciyar da gari kamar Kano, sai dai a yi ta maimaitawa turke bayan turke. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar kula da zango ta ƙasa, ita ke rabawa a dunƙule: na kamfanonin waya a hannun NCC, na rediyo da talabijin a hannun NBC, hukumar kula da gidajen watsa labarai, na hukumomin gwamnati a hannun ma'aikatar sadarwa. A Disambar 2021 aka sayar da megahaz 100 a zangon 3,500 kan dala miliyan 273.6 ga kowane, MTN da Mafab suka saya, don 5G.

To nan ne inda nake so mu tsaya. Gwanjo ya dace da mai neman riba, amma 'yan kwana-kwana ba su da dala miliyan ɗari biyu. In ba a keɓe musu da gangan ba, ba za su samu ba. Wani zai ce ai kowane jami'i yana da waya. Wayar kasuwa aikin mutum biyu take yi, sai ka danna lamba ka jira. Oba-oba dannawa ɗaya ce cikin ƙasa da daƙiƙa, rukuni duka ya ji, kuma biyu suna iya magana kai tsaye ko turke ya mutu. Ranar da gobara ta tashi a kasuwa, dubban mutane ne ke kira a turke ɗaya, a daidai lokacin da jami'i ya fi buƙatar layi. Kuma mun ga an rufe sabis saboda tsaro a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, da Zamfara a 2021. Duk mai aikin ɗauki da ya dogara da wayar kasuwa, da shi aka rufe.

Turai ta keɓe megahaz 380 zuwa 400 ga TETRA, tsarin oba-oban masu kai ɗauki, mai raba kilohaz 25 gurbi huɗu. Amurka ta sha wahala kafin ta gyara. Ta cakuɗa tashoshin 'yan sanda da na kamfanin waya na Nextel a zangon 800, sai turken kamfani mai ƙarfi ya riƙa danne oba-oban jami'in da ke tsaye kusa da shi, har a 2004 aka ba da umarnin sake jera zangon. Harin 11 ga Satumbar 2001 kuma ya nuna 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ba sa jin juna. A 2012 aka kafa FirstNet, tsarin sadarwa na masu kai ɗauki, da megahaz 20 a zangon 700, wanda shi ma daga talabijin aka samo shi. Mu ma hanyar ke nan: komawar talabijin zuwa dijital, da aka sa wa wa'adin 17 ga Yunin 2015 muka kasa cikawa, ita ke sakin zangon 700 da 800. An fara a Jos a 2016. Lambar gaggawa ta 112 tana kai kiran jama'a cibiya, amma daga cibiya zuwa motar da ke Kofar Ruwa, wannan aikin rediyo ne dabam, kuma sai hukumomin sun yarda da tasha ɗaya ta haɗuwa da na'urori masu yare ɗaya.

An miƙo takarda ana tambaya kan oba-oban da 'yan sintirin unguwa ke saye a kasuwa. Malam, yawancinsu suna buɗe ne daga megahaz 136 zuwa 174 da 400 zuwa sama, kuma mitocin da suka zo da su daga masana'anta ba naka ba ne, ƙila na wata hukuma ne. A nemi izini, a sa ma'aikaci ya saita mitar da aka bayar, a kulle sauran, a rage ƙarfi zuwa wat ɗaya in unguwa ɗaya ce. Haka na'urar ƙara sabis da ake ɗaurawa a shago: in eriyar waje da ta ciki suka yi kusa, sai ta riƙa jin kanta tana ƙara wa kanta, kamar lasifika da makirfon a masallaci, ƙarar ta koma turke ta lalata kiran duk masu amfani da shi. Sai injiniyoyi sun bi da na'urar auna zango shago-shago kafin su gano ta.