An Ce Kin Warke, Amma Zuciya Ba Ta Ji Ba: Lacca Kan Tsoron Dawowar Sankara

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓa yau, in lokaci ya bar ni.

Na farko, 'yar uwa, ba ke kaɗai ba ce. Mace ta sha tiyata, ta sha kemo, wato maganin sankara mai ƙarfi, har gashin kanta ya zube, an yi mata gashi da na'ura (kun ji Hausa, gashi ya tafi, gashi ya zo), likita ya ce ba mu ga komai ba. Dangi na ta barka, ita kuwa daren nan ba ta runtsa ba. Da can kullum idon likita na kanta, yanzu an ce sai bayan wata uku ko shida. Wani nazari na 2022 da ya haɗa bayanan mutum sama da 9,000 da sankara ta taɓa kamawa ya nuna fiye da rabinsu na fama da wannan fargaba ta dawowar cutar, kusan ɗaya cikin biyar kuma tasu ta yi tsanani. Ta fi kama mata da masu ƙarancin shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na biyu, nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Lalube. Wata baiwar Allah ta zo mini tana kuka, wai wurin ɗinkin yana ciwo, lallai abin ya dawo. Na ce sau nawa kike taɓawa a rana? Ta yi shiru. Can ta ce wurin wanka, wurin sa kaya, in ta farka cikin dare, har in tana hira da mutane hannunta na ƙarƙashin mayafi yana aiki. Muka ƙirga, ya haura ashirin. Na ce ko lafiyayyen hannuna kika dinga dannawa haka ai sai ya yi tsami! (dariya) Kuna dariya, amma na ga wasu sun sunkuyar da kai.

Ku duba yadda abin ke zagayawa. Tsoro ya sa ta danna, dannawa ta kawo ciwo, ciwo ya ƙara tsoro. In ta laluba ba ta ji komai ba, hankalinta ya kwanta na awa guda, sai zuciya ta ce anya kin duba da kyau? Ta koma. Shi ke nan ta zama likitan kanta mai aikin dare da rana, ba hutu ba albashi. Sannan ga waya. Ƙarfe biyun dare ki rubuta ciwon baya a Google, me kike so ya ce miki? Alhali tabon tiyata kan yi tauri, jijiyoyin da aka yanka kan yi zugi ko suka wata da watanni, wasu magungunan da ake sha bayan sankarar mama ma suna sa ciwon gaɓoɓi. Ban ce ki daina duba jikinki ba, kar a je a ce Dakta ta hana. Ki tsayar da rana ɗaya a wata. Abin da ya zo sabo, ya ƙi tafiya har mako biyu, ki kai wa likita. Amma tari da jini, numfashi sama-sama, ko ƙafa ta mutu, wannan ba a jira.

Na uku... ko na faɗi na uku? Akwai masu gudu. Ranar ganin likita sai uzuri ya taso. Wannan ya fi ba ni tsoro, don nau'in sankarar mama mai bin sinadarin mata kan iya dawowa ko bayan shekara 20, shi ya sa ake shan maganin da ake kira tamoxifen shekara 5 zuwa 10. Kuma fargabar kanta ana maganinta. A Ostareliya an gwada wani shiri, ConquerFear, zama biyar kacal da masanin halayya, sakamakon 2017 ya nuna ta ragu.

Hajiya, na ga hannunki.

(Wata daga cikin mahalarta: Dakta, ni ba kaina nake ji ba. 'Yata nake kallo, shekararta 19.)

Allah sarki. Hajiya, sankarar mama da ake gado ba ta wuce 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, galibi ta ƙwayoyin halitta biyu, BRCA1 da BRCA2. Abin da muke tambaya shi ne, kina shekara nawa ta same ki, akwai wata a dangi da ta yi ta mama ko ta ƙwan mace, har ta wajen uba, don ta can ma ana gado. Ki rubuto wannan ki zo da shi. Ita yarinyar ta san abin da ya same ki?

(Ba ta sani ba. Cewa na yi ƙari ne aka cire.)

To ki tsaya bayan an tashi, mu zauna ni da ke.