Littafin matasan da ya hana ni barci a Washinton

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da idanun nan nawa, ban runtsa ba sai wajen ƙarfe uku na dare. Kuma ba aiki ba ne ya hana ni, littafi ne, na matasa ma kuwa. Ga shi a hannuna zan mayar. Wannan ginin mai baƙaƙen gilasai da ke bayana shi ne babban laburaren Martin Luther King, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gallery Place. Iska kuwa yau kamar ta cire wa mutum kunne.

'Yar yayata ce ta aro shi, shekararta 15. Ta bar shi a kan teburin cin abinci, ni kuma na ɗauka don in ga me ake karantawa a bayan idonmu, kun dai san sa-idonmu na iyaye. Sunansa Monday's Not Coming, Tiffany D. Jackson ce ta rubuta, ya fito a 2018. Monday ɗin nan sunan yarinya ne, kamar a ce Altine a wurinmu.

A nan garin aka gina labarin, kudu maso gabashin Washinton, unguwannin baƙar fata. Wata yarinya, Claudia, ta dawo hutu daga wurin kakarta a Jojiya, aka koma makaranta, babu aminiyarta Monday babu labarinta. Mako ya wuce, wata ya wuce. Ta tambayi malamai, ta je gidansu Monday uwar ta fatattake ta, ta je wurin 'yan sanda. Kowa da 'yar amsar da zai sallame ta da ita. Tana wurin babanta. A'a, tana wurin 'yar'uwarsu. Yarinya ta ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke, mutum ɗaya ne rak ya damu, ita ma yarinya ce.

Idan kuka shiga ɓangaren matasa a ciki, irin waɗannan littattafai sun yi yawa. Yarinya ta farka a gefen titi, ƙafa ba takalmi, ba ta san ko sunanta ba, ƙawarta kuma ta ɓata a daren. Daga nan sai zargi: saurayin ne, ko yayan, ko ita da kanta ce? Na gane dalilin da marubuta ke son dabarar. Mai ba ka labarin ita ce shaida, kuma shaidar ba ta san me ta gani ba, don haka dole ka bi ta kana ɗar-ɗar. Amma gaskiya da yawansu ha'inci suke yi. A buga wa yarinya dutse a ka, ta manta uwarta amma ba ta manta lambar buɗe wayarta ba, sannan komai ya dawo mata tsaf a babi na talatin, daidai lokacin da marubuciya ke bukata. Haba!

Mantuwar gaske ba ta da wannan ladabin. Akwai wani Ba'amurke, Henry Molaison, da aka yi wa tiyata a ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya. Ya san sunansa, ya san yarintarsa, abin da ya gagare shi shi ne riƙe sabon abu. Ka gaisa da shi, ka fita ka dawo, sai ya karɓe ka kamar baƙo. Haka ya rayu har 2008. Akwai kuma wadda firgici ke kawowa, ba rauni a kai, zuciya ce kawai ta rufe ƙofa a kan abin da ba za ta iya ɗauka ba. Wannan ta biyun ita Jackson ta ɗauko. Ba zan ɓata muku labari ba, amma ku lura da yadda babobin suka hargitse, wani kafin abin ya faru, wani bayansa, wani shekara guda kafin nan. Da farko na ji haushi, na ce wannan wane irin shirme ne. Da na kai inda ta warware ƙullin, tashi na yi zaune a kan gado.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. A ƙasar nan idan an sace yaro, wayar kowa a yankin sai ta yi ƙara lokaci ɗaya, shi ne Amber Alert, wanda ya samo suna daga Amber Hagerman, 'yar shekara 9 da aka sace a Texas a 1996. Ranar da na fara jin ƙarar, saura kaɗan in yar da wayar. To amma sai hukuma ta gamsu cewa sata ce. Idan aka rubuta cewa yarinya gudu ta yi daga gida, waya ba za ta yi ƙara ba, kuma iyaye baƙar fata sun daɗe suna kukan cewa 'ya'yansu aka fi saurin liƙa wa wannan kalmar. A Maris na 2017 maganar 'yan matan Washinton da suka ɓata ta cika Twitter. Ni sai na tuna gida, yadda yaro ke ɓata da la'asar, kafin isha'i an yi cigiya a lasifikar masallaci, an faɗi kalar rigarsa, gobe a ji a rediyo. Ba kullum ake gani ba, amma dai unguwa ta ji sunan.

Da safen nan na tare 'yar tawa tana ɗaura takalmi. Na ce, "Ke, idan ƙawarki ta kwana uku ba ta zo makaranta ba, me za ki yi?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta miƙo mini waya, ga taswira, ga ɗigo huɗu suna motsi. "Anti, duk mun san inda kowa take." Na ce idan an kashe wayar fa? Ta yi shiru, ta ja igiyar takalmin, ta ce in aro mata wani na Jackson ɗin idan na zo.

Bari in shiga, yatsuna sun fara ƙagewa.