Yau na ga jamaniyom yana curewa cikin iska da idona

Salamu alaikum ƴan uwa na Tawa da Yamai, ku yi haƙuri da ƙarar nan da kuke ji, pampon da ke zuƙe iska daga cikin na'ura ne, ba a kashe shi dare da rana. Bari in juyo muku kamara ku ga ekran ɗin nan, don wallahi tun ɗazu na kasa zama. Kun ga layukan nan biyar da suka miƙe, 142, 144, 145, 146 da 148? Kowane layi nauyin wata ƙwaya ne yake nunawa. Da safe babu su. Abu guda na zuba cikin tarkon da ke riƙe ƙwayoyi a cikin na'urar, ƙwayar jamaniyom, wani sinadari mai kama da ƙarfe, mai nauyi 70 wadda aka ƙwace ma lantarki ɗaya, na riƙe ta ƙasa da sakan guda, sai ga waɗannan sun fito. Wato ta kamo ƴar uwarta sun manne, sun zama biyu. Na ƙara lokacin riƙon, sai ga wasu can sama da 200 sun fara leƙowa, uku ke nan sun haɗu. Ni ɗan Tawa, nan Torino ta Italiya, ina kallon ƙarfe yana haɗa kanshi ƙwaya ƙwaya, kai Allah mai iko.

Inna kullum in mun yi waya sai ta ce wai kai mi kake karantawa ne haka da ba ya ƙarewa, ɗan maƙwabta ya gama likita har ya yi aure. To Inna ga shi yau, a nuna mata. Iskar da muke aiki da ita sunanta jaman, a rubuce GeH4, jamaniyom ɗaya da haidirojin huɗu sun kewaye shi, ginin ta iri ɗaya da na metan. Sai mu saki kaɗan cikin wani ɗan ɗaki na ƙarfe da bai kai dunƙulen hannu ba, mu harbe ta da lantarki, ta farfashe: wata ta rasa haidirojin ɗaya, wata biyu, wata uku, wata ta fito tsirara jamaniyom zalla, kowace ɗauke da caji. Cajin nan shi ke sa a iya riƙe su a tsakiya ba su taɓa bango ba, da wutar da ke juyawa da sauri. Wani Bajamushe Wolfgang Paul ya ƙirƙiro tarkon, har ya samu Nobel a 1989. To wadda ka riƙe in ta yi karo da jaman da ba a taɓa ba, sai su manne su tofar da haidirojin biyu, haka haka curin ke girma. Amma ba duka ke da zafin nama ba, mai haidirojin uku ɗin nan sai ta yi zamanta, da ƙyar take kula kowa.

Abin da ke cin ran mutum shi ne lissafin. Jamaniyom ba nauyi ɗaya gare shi ba, iri biyar ne Allah ya yi shi, ana ce musu isotop, 70, 72, 73, 74 da 76, kuma 74 ya fi yawa. To duba, in ka ga layi a 74 mi ne ne? Zai iya zama 74 tsirara, zai iya zama 73 da haidirojin ɗaya, ko 72 da biyu, duka wuri guda suke faɗawa. In suka zama biyu biyu kuwa sai ekran ya cika da layuka kamar haƙoran mashaci, ka rasa na wa ne na wa. Shi ya sa na ware 70 shi kaɗai, shi ne mafi sauƙin nauyi babu mai shigo mishi daga ƙasa, kuma shi ya sa layukan suka fito biyar cif, 70 ya auri kowane cikin biyar ɗin, ga haidirojin biyu a kai. Ku lissafa da kanku ƴan lise, 70 da 70 da 2.

Wani zai ce to sai mi. Telefon ɗin da kake kallona da ita, akwai yiwuwar cikinta da ɗan guntun silikon gauraye da jamaniyom, kuma da irin iskar nan ake shimfiɗa shi, siriri ƙwarai. Zaren gilashin da ke kawo intanet, a tsakiyar shi akwai jamaniyom. Pano na hasken rana na taurarin ɗan adam bisa jamaniyom ake gina su. In ana shimfiɗa siririyar fatar nan cikin pilasma, wato iskar da ƙwayoyinta ke ɗauke da caji, curin in ya girma a iska kafin ya sauka sai ya zama ƙura ya ɓata aikin, don haka dole a san matakin farko, wa ke kama wa, da wace saurin. Mutanen shimi na garin nan sun daɗe a kai, tun shekarun 1990 suna gauraya jaman da silan da amoniya da sauransu suna aunawa.

Kuma ku ji tarihin, ni yana burge ni. Mendeleev, wanda ya tsara jadawalin sinadarai, ya ce a 1871 akwai wani sinadari ƙarƙashin silikon cikin jadawalin da ba a gano ba, nauyinshi wajen 72, sai a 1886 Clemens Winkler ya tono shi a Freiberg, nauyi 72 da ɗoriya. Tiransisto na farko a duniya, 1947 a Amurka, da shi aka yi. Yanzu Sin ke fitar da mafi yawa kuma tun 2023 ta sa takunkumin izini kan fitar da shi, kowa ya rikice. Daga tamar zinc da tokar gawayin ƙasa ake tatso shi, ni kuwa da na ji tokar gawayi sai raina ya tafi Salkadamna da Anu Araren, inda muke da gawayin ƙasa a Nijar, na ce wata rana in Allah ya yarda da hannuna zan auna tokarmu in ga mi ke ciki.

Ranar ma da muke da ita, jama'a. Nan tun ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi a hunturu, ɗakin da nake haya yuro 400, sama da jika 260, kuma taga ɗaya gare shi tana kallon bango. Mu can rana har ta ishe mu. Malam Abdou Moumouni ya ga haka tun da daɗewa ya duƙufa kan makamashin rana, jami'ar Yamai sunanshi take ɗauke, in na faɗa musu nan sai su yi shiru suna kallona. Ga tashar wutar rana ta Malbaza tun 2018 da megawat 7, ga ta Goru Banda da 30. Sai dai pano duka sayowa muke yi. Kai, ina kewar kilishi da furar gida, kofin nan nasu ɗan ƙurya yuro ɗaya da wani abu, kurɓa biyu ya ƙare.

To kai ƙanena da ke neman burs ka zo irin wannan labo, ji da kyau. Jaman ba butel ɗin gaz na girki ba ce. Ba ta da launi, tana kama wuta, kuma in ka shaƙa jajayen ƙwayoyin jininka take fasawa, ƙoda ta biyo baya. Ƴar kwalbar tana cikin kabad mai zuƙe iska da na'urar ƙararrawa a kai, kada ka ce hancinka zai gaya maka, kada ka buɗe ta kai kaɗai ko da kana sauri, in ƙararrawa ta yi kuka bar jakarka ka fita. Kuma ka riƙe lissafinka tun daga lise, wanda ya tsani lissafi isotop biyar ɗin nan za su kore shi gida.

Bari in je in rufe bawul kafin malamata ta dawo, gobe 76 zan ware in gani ko curin uku zai fito sarai. Ku gaida min mutanen gida.