Kullutun jikin ɓeran keji: a daina matsa shi haka kawai

Tun da bidiyon nan ya yaɗu, wanda wata baiwar Allah take ta matse kullutu a hammatar farin ɓeranta wai maruru ne, mutane suke ta turo min tambaya: wai mene ne irin wannan kullutun, kuma a matse shi ko kar a matse? Eh, akwai masu kiwon ɓera a keji a nan Jos, ku daina dariya, kuma ba jinsin da yake kawo zazzaɓin Lassa ba ne.

Da sauri: ɓeran keji shekara 2 zuwa 3 yake yi a duniya, in ya haura shekara ɗaya da rabi ya zama dattijo, a nan ƙari yake fara fitowa, musamman ga mata da masu ƙiba.

To ku kalli yatsana a kan kullutun da yake hammatar wannan macen ɓeran. Kun ga yadda abun yake zamewa ƙarƙashin fata, da laushi, kamar ɗanwake a cikin leda? Ita ko a jikinta, cin abincinta take. Wannan yawanci ƙarin nono ne. Za ku ce me ya kai nono hammata, to mace nono 12 gare ta, kuma naman nonon ya shimfiɗu tun daga wuya har matse-matsi har gefen jiki, namiji ma yana samu duk da ba shi da kan nono. Mafi yawansa ba kansa (ciwon daji) ba ne, amma girma yake ba ƙaƙƙautawa, in aka bar shi sai ya dinga jan ƙasa ya zama gyambo. Ka matse shi ba mugunya, wahala kawai ka ba dabba.

Ga maruru kuma. Shi sau da yawa bayan faɗa yake zuwa, an cije shi, ya tashi cikin 'yan kwanaki, da ɗumi, wani lokaci da ɓawon ciwo a kai. Amma gaskiya hannu yana yaudara, ni ma ba na yanke hukunci da taɓi. Likitan dabbobi zai sa siririyar allura ya zuƙo, shi ke nan an gane. Mu da Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take, take kusa da mu ba mu da uzuri.

Tiyata ta fi sauƙi tun yana kamar gyaɗa, ba sai ya kai ƙwai ba. Kar ku hana shi abinci kafin aiki, ɓera ba ya amai. Bayan aiki a ɗumama keji sabida sanyin garin nan, kuma a sa ido, ɗinkin ma cinye shi yake.

Wannan ɗaya tsohuwar macen ɓeran da kuke gani ba kullutu ko ɗaya a jikinta, amma ta kasa riƙe abinci da hannuwanta, tana tangaɗi. Irin wannan yana iya zama ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa, yatsa ba ya kai wa can. A kai ta asibiti yau.