Yadda masu buƙata ta musamman a Ostireliya suka sa gwamnati ta janye tsarin da ta riga ta ba da kwangilarsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Ostireliya za mu leƙa, kuma maganar ita ce wannan abin da gwamnatoci ke kira jin ra'ayin jama'a, wato a tara mutane a ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa kafin a yi doka. Tambayar ita ce, abin da aka faɗa a wurin yana canja wani abu kuwa? Ko dai an gama yanke hukunci ne tun a ofis?

Toh bari mu faro daga 2011. A shekarar ne wata hukumar bincike ta gwamnati mai suna Productivity Commission ta fitar da rahoto kan yadda ake kula da nakasassu a ƙasar, bayan ta karɓi bayanai sama da 1,000 daga hannun mutane da ƙungiyoyi. Abin da ta gano shi ne kuɗin ba sa isa, rabon babu adalci, kuma tsarin a wargaje yake, mutum biyu masu lalura iri ɗaya sai ka ga ɗaya ya samu keken guragu da mai taimaka masa a gida ɗayan kuma yana layi shekara da shekaru, kawai don ba jiha ɗaya suke ba. Su kuma masu lalurar da iyayensu da masu jinyarsu ba su tsaya jira ba, suka haɗa gangami mai suna Every Australian Counts, suna bin 'yan majalisa har mazaɓunsu suna ba su labarin rayuwarsu baki da baki. A 2013 zamanin Firaminista Julia Gillard aka yi dokar NDIS, wato tsarin inshorar nakasassu na ƙasa, aka fara gwaji a watan Yuli, har harajin lafiya aka ƙara daga kashi 1.5 zuwa kashi 2 don a samu kuɗin. Yadda tsarin yake, ana ware wa mutum kuɗi da sunansa gwargwadon buƙatarsa, shi zai zaɓi wanda zai masa hidima. Yanzu mutum sama da 600,000 ne a ciki.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne abin da ya faru daga baya. A 2020 gwamnati ta ce za ta kawo sabon tsarin tantancewa. Da, rahoton likitanka da masu gashin ƙashin da suka san ka shekara da shekaru shi ake dubawa. Sabon tsarin kuwa wani ma'aikacin lafiya ne da bai taɓa ganinka ba za a turo, ya zauna da kai 'yan awoyi yana tambayoyi daga takarda, abin da ya rubuta kuma shi zai yi tasiri a kan kuɗin da za a ba ka. Hujjar gwamnati ita ce mai kuɗi yana iya biyan ƙwararru su rubuta masa rahoto mai kyau talaka kuma ba ya iyawa, kuma gaskiya wannan matsalar akwai ta, ba ƙirƙira ba ce. Sai dai ku duba yadda aka yi tuntuɓar. Ba a tambayi mutane ko a yi ko kar a yi ba, yadda za a aiwatar kawai aka tambaye su, kuma kwanaki kaɗan bayan an rufe karɓar ra'ayi a Fabrairun 2021 sai ga sunayen kamfanonin da aka ba kwangilar aikin. Wallahi wannan abin yana min ciwo, ka yi tunanin uwar da ta kwana tana rubuta bayanin ɗanta mai lalurar galahanga, yadda yake rufe baki gum in ya ga baƙo, yadda awa uku ba za su nuna wa kowa rayuwarsa ba, ta tura, ashe an riga an gama magana.

Ƙungiyoyin nakasassu suka haɗa kai suka ce ba su yarda ba, likitoci suka mara musu baya, kwamitin majalisa ya zauna ya saurare su. Sabuwar ministar NDIS Linda Reynolds ta dakatar da shirin, a Yulin 2021 kuma bayan zama da ministocin jihohi aka soke shi gaba ɗaya, aka yi alkawarin duk abin da za a kawo nan gaba tare da masu lalurar za a tsara shi tun daga tushe. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɓangaren tsofaffi ma haka ne. A 2018 aka kafa babban kwamitin bincike kan gidajen kula da tsofaffi, mutane suka turo bayanai sama da 10,000, 'ya'ya suna faɗin yadda suka tarar da iyayensu cikin ƙazanta ko an ɗura musu maganin barci don kar su dami ma'aikata. Rahoton ƙarshe ya fito a Maris 2021 da shawarwari 148. Daga nan ne aka wajabta wa gidajen ajiye nas dare da rana tun Yulin 2023, aka kuma kafa majalisar dattawa masu ba gwamnati shawara, tsofaffin da kansu ke zama a cikinta.

Amma kar ku ɗauka duk abin da aka faɗa ake ɗauka. Kwamitin binciken cin zarafin nakasassu, wanda Sanata Jordon Steele-John, shi kansa a keken guragu yake, ya yi ta fafutuka har da hawaye a zauren majalisa kafin a kafa shi, ya yi shekara huɗu da rabi yana sauraro, an yi zaman sirri ga wanda ba ya son a san shi, an tanadi masu fassara da maganar hannu don kurame. Ya ba da shawarwari 222 a 2023. Da gwamnatin tarayya ta ba da amsa a 2024, cikin 172 da suka shafe ta 13 kacal ta amince da su kai tsaye, mafi yawan sauran ta ce ta yarda da manufarsu amma sai an duba.

Kuma abin ya shafe mu, domin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu da Ostireliya ta amince da ita a 2008, Najeriya ma ta amince da ita a 2010, kuma sashe na 4 ya wajabta tuntuɓar su ta hannun ƙungiyoyinsu kafin a yi musu doka. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ku faɗa mana, a garinku in an kira taron jin ra'ayi, mai keken guragu yana iya shiga zauren kuwa?